Daga Bagade Zuwa Akwatin Alkawari: Yadda Kirista Ke Fahimtar Kayan Ibadar Isra'ilawan Dā

Tun kafin Isra'ilawa su mallaki haikalin dutse a Urushalima, wurin ibadarsu wata alfarwa ce da ake kafawa idan an yada zango, a kwance ta a naɗe idan za a tashi. Littafin Fitowa, na biyu cikin littattafan Attaura, ya ce an yi ta ne a gindin Dutsen Sina'i bayan da Annabi Musa ya fito da jama'arsa daga Masar. Babi 13 cur littafin ya ware mata. Daga babi na 25 zuwa na 31 umarni ne kan yadda za a yi kowane abu, daga na 35 zuwa na 40 kuma labarin yadda aka yi shi a hannun wasu gwanayen masu sana'a biyu, Bezalel da Oholiyab. Mai karatu yakan ƙosa a waɗannan babobi, domin cike suke da awon tsawo da faɗi da lissafin ƙawanya da sanduna da labule. Amma Kirista tun ƙarninsu na farko ba su ɗauke su a matsayin takardar magina kawai ba. A ganinsu, manyan kayayyakin alfarwar suna nuni ga Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, da aikin da suka yi imani ya zo ya yi.

Tushen wannan fahimta yana cikin Wasiƙa Zuwa ga Ibraniyawa, ɗaya daga littattafan Sabon Alkawari, wadda aka rubuta a ƙarni na farko ba tare da sunan marubucinta a jiki ba. Marubucin ya riƙe wani gargaɗi da Fitowa ta ce an yi wa Musa, cewa ya yi komai daidai da fasalin da aka nuna masa a kan dutse. In har akwai fasalin da aka kwaikwaya, in ji shi, to alfarwar ƙasa kwafi ce kuma inuwa ce ta wani abu na gaske da ke sama. Inuwa tana nuna siffar abu, amma ba ita ce abin ba. Don haka Kirista ba ya cewa kayan alfarwar banza ne, tunda ya yarda Allah ne ya umarci a yi su. Abin da yake cewa shi ne na ɗan lokaci ne, an ba da su don su koyar da amsar tambaya guda: ta yaya mutum mai zunubi zai kusanci Allah mai tsarki?

Tsarin wurin kansa ya fara ba da amsa tun kafin a duba kayan cikinsa. Akwai farfajiya mai tsawon kamu 100 da faɗin kamu 50. Idan aka ɗauki kamu a kan santimita 45, ya kama mita 45 ke nan da mita 22 da rabi. An zagaye ta da labulen farin lilin mai tsayin kamu 5, wanda ya fi ƙarfin leƙen mutum, ƙofa kuma guda ce tak, tana fuskantar gabas. A cikin farfajiyar alfarwar take, an raba ta ɗaki biyu: Wuri Mai Tsarki daga gaba, Wuri Mafi Tsarki daga ciki. Wanda ya san fadar sarki ba zai sha wuyar gane tsarin ba, domin a can ma zaure ne bayan zaure, kuma duk wanda aka wuce sai masu izinin shiga su ragu. Ba'isra'ile gama-gari iyakarsa farfajiya. Firistoci, wato 'ya'yan Haruna, su ke shiga ɗakin farko. Ɗakin ciki kuwa sai babban firist shi kaɗai, sau ɗaya a shekara. Har ƙarafan da aka yi aiki da su sun bi wannan mataki: tagulla a waje, azurfa a gindin ginshiƙan alfarwar, zinariya a ciki. Lissafin Fitowa ya nuna zinariyar da aka kashe ta haura talanti 29, kusan tan guda a ma'aunin yau.

Abu na farko da mai shiga zai ci karo da shi shi ne bagaden hadaya, kuma shi ne mafi girma cikin kayan duka. An yi shi da katakon ƙirya aka dalaye da tagulla, kamu 5 tsawo, kamu 5 faɗi, kamu 3 tsayi, da ƙaho a kowace kusurwa. A nan ake yanka 'yan raguna biyu kullum, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ban da hadayun da mutane ke kawowa don laifofinsu ko don godiya. Littafin Firistoci ya ce wutar bagaden ba a bari ta mutu. Mai kawo hadaya yakan ɗora hannu a kan dabbar kafin a yanka ta, alamar cewa tana tsaye a madadinsa. Ƙahonin kuwa sun zama mafaka, don a zamanin sarakuna Adonija, ɗan Sarki Dauda, ya gudu ya riƙe su yana neman a bar shi da ransa.

Kirista suna ganin gicciyen Almasihu a wannan bagade. Linjilar Yohanna ta ce Yahaya Mai Baftisma ya kira Yesu ɗan ragon Allah wanda ke ɗauke zunubin duniya, kuma wannan laƙabi ba ya da ma'ana sai ga wanda ya san bagade. Matsayin bagaden ma abin lura ne a wurinsu: babu hanyar kaiwa ciki sai an ratsa ta gabansa. Sai dai Ibraniyawa ta ƙara da wata hujja mai kaifi. Ta ce yawan maimaita hadayun shi ne shaidar cewa ba su gama aikin ba, don da jinin bijimi da na akuya ya isa ya kawar da zunubi ɗungum, da an daina yanka tun tuni. Ta kuma lura cewa firistocin a tsaye suke hidima kowace rana, Almasihu kuwa ya miƙa hadaya guda ya zauna. Masu sharhi sukan ƙarfafa wannan da cewa a jerin kayan alfarwar kaf ba a ambaci kujerar da firist zai zauna a kai ba.

Tsakanin bagade da ƙofar alfarwa akwai daro na tagulla cike da ruwa. Ba a faɗi girmansa ba, amma an faɗi abin da aka yi shi da shi, kuma abin ban sha'awa ne: madubai na tagulla da matan da ke hidima a bakin alfarwar suka bayar. Ranar da aka naɗa firist ana yi masa wanka na jiki duka, sau ɗaya. Daga nan, duk sa'ad da zai shiga alfarwa ko ya kusanci bagade, sai ya wanke hannu da ƙafa a daron, in ba haka ba hukuncinsa mutuwa. Masu wa'azi na haɗa wannan da daren da Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, inda ya gaya wa Bitrus cewa wanda ya riga ya yi wanka ƙafafunsa kawai ke bukatar wanki. Wanka na farko suna ɗaukarsa a matsayin baftisma ko sabuwar haihuwa, wankin kullum kuma tuba ce da mai bi ke yi saboda ƙurar da yake kwasowa a zaman duniya. Zancen madubai yakan kai su ga wasiƙar Yakubu, wadda ta kwatanta maganar Allah da madubin da mutum ke ganin kansa a ciki.

Da an ɗaga labulen ƙofa an shiga Wuri Mai Tsarki, abu uku ne a ciki. Ta hannun dama, wajen arewa, akwai tebur na katakon ƙirya da aka dalaye da zinariya, ƙarami ne, kamu 2 da kamu 1. A kansa ake jera gurasa 12, shida-shida, daidai da yawan kabilun Isra'ila, a sa lubban a gefensu. Kowace Asabar a kwashe tsofaffin a sa sababbi, firistoci su ci tsofaffin a wuri mai tsarki. Sauran al'ummun yankin sun kasance suna ajiye wa gumakansu abinci don su ci, amma a nan gurasar ba ciyar da Allah take yi ba, shaida ce cewa shi ke ciyar da jama'arsa kuma suna gabansa kullum. Kirista na danganta ta da faɗar Yesu cewa shi ne gurasar rai, da kuma Jibin Ubangiji da ake ci a coci. Wannan gurasa ce Dauda ya ci a garin Nob lokacin da yake gudun Sarki Saul yunwa ta kama shi, ko da yake ba firist ba ne. Yesu ya kafa hujja da labarin sa'ad da aka zargi almajiransa da keta dokar Asabar, yana nuna cewa bukatar ɗan Adam tana gaba da ƙa'idar hidima.

Daura da teburin, wajen kudu, alkuki ne mai fitilu bakwai, kuma ya sha bamban da sauran kayan. Babu katako a cikinsa. Zinariya ce zalla, talanti guda, kimanin kilo 34, ba zubi aka yi ba, da guduma aka ƙera shi daga dunƙule ɗaya. Gindi guda ne ya miƙe, rassa uku suka fita ta kowane gefe, an yi musu ado da siffar toho da furen itacen almon, har ya fito tamkar bishiya mai haske. Alfarwar ba ta da taga, rufinta kuma huɗu ne a kan juna, lilin da gashin akuya da fatun raguna da wata fata daga sama, saboda haka ba don alkukin ba firist ba zai ga abin da yake yi ba. Jama'a ne ke kawo man zaitun tsantsa, firistoci su gyara lagwani safe da yamma.

Ma'anar alkuki ta rabu gida biyu a wurin Kirista, kuma duka biyun suna da madogara. Ta farko ita ce Almasihu, wanda Linjilar Yohanna ta ce ya kira kansa hasken duniya. Ta biyu ita ce ikilisiya, kuma nan ba hasashe ba ne, domin littafin Ru'ya ta Yohanna ya faɗa ƙarara cewa alkukai bakwai da ya gani su ne ikilisiyoyi bakwai na yankin Asiya, a ƙasar Turkiyya ta yau. Har ya ƙunshi barazana ga ikilisiyar Afisa cewa za a ɗauke nata alkukin in ba ta tuba ba. Man zaitun kuwa ana ɗaukarsa a matsayin Ruhu Mai Tsarki, bisa wahayin Annabi Zakariya wanda ya ga alkuki da itatuwan zaitun biyu, aka gaya masa cewa aikin ba da ƙarfi zai yiwu ba sai da Ruhun Allah. Fitila komai kyanta ba ta ci sai da mai, kuma wannan shi ne darasin da ake ciro wa coci.

Abu na uku shi ne bagaden turare, ɗan ƙarami, kamu 1 da kamu 1, tsayinsa kamu 2, yana dab da labulen ciki. Ana ƙona turare a kansa safe da yamma, wani haɗi na musamman mai kayan ƙanshi huɗu, har da lubban, wanda aka hana kowa ya haɗa irinsa don amfanin kansa. Ba a wasa da wannan hidima. 'Ya'yan Haruna biyu, Nadab da Abihu, sun mutu nan take don sun miƙa wutar da ba a umarce su ba. Cikin dukan kayan alfarwar, wannan ne fassararsa ta fi sauƙi, domin Zabura ta 141 ta riga ta kamanta addu'a da turare, Ru'ya ta Yohanna kuma ta ce tasoshin turaren da ke sama addu'o'in tsarkaka ne. Luka ya buɗe Linjilarsa a daidai wannan wuri: wani Zakariya daban, mahaifin Yahaya, yana ƙona turare a haikali, jama'a suna addu'a a waje, sai mala'ika Jibra'ilu ya bayyana a gefen dama na bagaden ya yi masa albishir da ɗa. Cocin Katolika da na Otodoks da wasu na Angilika suna ƙona turare a sujadarsu har yau da wannan ma'ana.

Bayan bagaden turare sai labule. An saƙa shi da zaren shuɗi da shunayya da mulufi da lallausan lilin, an yi masa zanen kerubobi, wato wasu halittu masu fikafikai na fadar Allah. Littafin Farawa ya ce kerubobi ne aka sa su tsare hanyar itacen rai bayan an fitar da Adamu daga gonar Adnin, don haka zanensu a jikin labulen tuni ne cewa hanyar a toshe take. Matiyu da Markus da Luka duk sun rubuta cewa labulen haikali ya tsage a lokacin mutuwar Yesu, biyun farko kuma sun ƙara da cewa daga sama ya tsage zuwa ƙasa. Kirista suna karanta wannan a matsayin aikin Allah ba na mutum ba. Ibraniyawa ta fassara labulen da jikin Almasihu, ta ce ta wurinsa aka buɗe sabuwar hanya, har mai bi na iya tunkarar Allah ba tare da jiran wani firist ya shiga a madadinsa ba. A tarihin koyarwar Kirista, kaɗan ne cikin alamun Tsohon Alkawari suka kai wannan nauyi.

Abin da labulen ke karewa shi ne Akwatin Alkawari, kuma in aka dubi shahararsa ƙanƙantarsa kan ba da mamaki. Tsawonsa kamu 2 da rabi ne, faɗi da tsayi kamu 1 da rabi, wato bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Katakon ƙirya ne da aka dalaye da zinariya ciki da waje, da ƙawanya huɗu da aka zura sanduna don ɗauka a kafaɗa. An hana zare sandunan, an kuma hana taɓa akwatin. Labarin Uzza, wanda ya kai hannu ya tare shi a kan keken shanu a zamanin Dauda ya faɗi matacce, yana cikin labaran da suka fi tayar wa masu karatu hankali. A cikin akwatin allunan dutse biyu ne na Dokoki Goma. Murfinsa zinariya ce zalla, da kerubobi biyu suna fuskantar juna, fikafikansu sun yi masa rumfa. Tsakanin kerubobin babu komai. A haikalin maƙwabtan Isra'ila nan ne za a sami gunki, amma a nan fili ne kawai, inda Fitowa ta ce Allah zai sadu da Musa ya yi masa magana.

A kan wannan murfi ake yin hidimar da ta fi kowace muhimmanci a shekara, ta Ranar Kafara, ran 10 ga wata na bakwai, wadda Yahudawa ke kiyayewa har yau da azumi. Babi na 16 na Littafin Firistoci ya zayyana ta. Babban firist ya tuɓe kayan adonsa ya sa farin lilin. Ya shiga da garwashi da turare don hayaƙi ya rufe murfin. Ya yayyafa jinin bijimi saboda zunubinsa da na gidansa, sa'an nan jinin bunsuru saboda na jama'a, sau bakwai-bakwai. Akwai bunsuru na biyu da ba a yanka. Firist ya ɗora masa hannu biyu ya furta laifofin al'umma a kansa, a kora shi jeji. Gawar bijimin da ta bunsurun da aka yanka kuma a fitar da su bayan zango a ƙone.

Kirista sun ga hoto cikakke a nan. A cikin akwati akwai shari'ar da mutane suka karya, a sama akwai Allah mai shari'ar, a tsakani kuma murfi ne da jini a kansa. Ibraniyawa ta ce Almasihu shi ne babban firist kuma shi ne hadayar, ya shiga Wuri Mafi Tsarki na gaske sau ɗaya tak, ba da jinin dabba ba, da nasa, ba kuma ya bukatar ya fara da hadaya don kansa kamar 'ya'yan Haruna. Ƙona gawar a bayan zango ma ta ba shi ma'ana, ta ce shi ya sa aka gicciye Yesu a bayan ƙofar birni. Bunsurun da aka kora kuwa tun marubutan Kirista na farko ake ɗaukarsa a matsayin alamar wanda ya ɗauki laifin wasu ya tafi da shi.

Ibraniyawa ta ambaci ƙarin abu biyu tare da allunan: tulun zinariya mai manna, abincin da aka ciyar da Isra'ilawa da shi a jeji, da sandan Haruna wanda ya yi toho ya fid da 'ya'yan almon a dare ɗaya. Sai dai Littafin Sarakuna na Farko ya ce a lokacin da Sulemanu ya shigar da akwatin haikali alluna ne kaɗai a ciki. Masu fassara suna ganin gurasar rai a manna, suna ganin tashi daga matattu a busasshen sandan da ya rayu. A nan ne hanyar Katolika da Otodoks ta ɗauki nata salo. Su suna kiran Maryamu akwatin sabon alkawari, domin ita ta ɗauki Almasihu a cikinta yadda akwatin ya ɗauki maganar Allah. Sukan kwatanta wata ukun da akwatin ya yi a gidan Obed-edom a zamanin Dauda da wata ukun da Luka ya ce Maryamu ta yi a gidan Alisabatu, mahaifiyar Yahaya. Yawancin cocin Furotesta ba sa bin wannan fassara, sun fi ganin Almasihu a akwatin.

Tufafin babban firist ma suna cikin kaya masu tsarki. A kafaɗun falmaran ɗinsa akwai duwatsu biyu da aka zana sunayen kabilu 12, shida a kowane, a ƙirjinsa kuma ƙyalle mai duwatsu masu daraja 12, jeri huɗu. Ke nan duk inda ya shiga yana ɗauke da jama'arsa a kafaɗa da ƙirji, kuma haka Kirista ke fahimtar roƙon da suka yi imani Almasihu yana yi musu a gaban Allah. Bakin rigarsa akwai ƙararrawa ta zinariya da siffar rumman a jere. Daga nan ne wani labari ya yaɗu a wa'azi, wai ana ɗaura wa firist igiya a ƙafa don a jawo gawarsa in ƙararrawa ta yi shiru. Labarin yana da daɗin ji, amma babu shi a Littafi Mai Tsarki, kuma kayan lilin da aka ce ya sa ranar shiga ɗakin ciki ba su da ƙararrawa.

Wannan ya kawo batun iyaka. Ba duk fassarar da ake ji ce ke da ƙarfi ɗaya ba. Malamai irin su Orijin na Iskandariyya a ƙarni na 3, da Giregori na Nissa a ƙarni na 4, da Bede na Ingila wanda ya rasu a 735 bayan ya rubuta littafi sukutum a kan alfarwar, sun nemi ma'ana a kusan kowane zare da ƙugiya. A ƙarni na 19 marubuta irin su Henry Soltau da C. H. Mackintosh sun farfaɗo da salon, kuma daga irin rubutunsu ne fassarori da yawa suka shiga bakin masu wa'azi: katako mutuntakar Almasihu ne, zinariya allahntakarsa, shuɗi sama, shunayya sarauta, mulufi jini. Fassarori ne masu tsari, amma Sabon Alkawari bai faɗe su ba. Shi kansa marubucin Ibraniyawa, bayan ya lissafa kayan alfarwar a babi na 9, cewa ya yi ba zai tsaya yana bayaninsu ɗaya-ɗaya ba, ya wuce ga Ranar Kafara. Hanya mafi aminci ita ce a bambanta abin da nassin ya fassara da kansa, kamar labule da turare da alkuki da babban firist, da abin da basirar mai wa'azi ta ƙara. Yahudawan ƙarni na farko ma suna da nasu karatun: Filo da Yusufus sun ga taurari bakwai a fitilu bakwai, Yusufus kuma ya ga watannin shekara a gurasa 12. Yahudanci bai yarda kayan suna nuni ga Yesu ba, haka ma Musulunci bai yarda da gicciyen da fassarar Kirista ta dogara a kai ba.

Akwai kuma wani zare da ya ratsa Tsohon Alkawari kansa, wanda Kirista ke jingina da shi wajen cewa tsarkin ba a jikin kayan yake ba. Sa'ad da Isra'ilawa suka kai akwatin fagen yaƙi suna zaton zai ba su nasara ko ta halin ƙaƙa, Filistiyawa sun ci su sun ƙwace shi, ya yi wata bakwai a hannunsu. Macijin tagulla da Musa ya kafa a jeji don waɗanda maciji ya sara su dube shi su warke, wanda Yesu ya kwatanta da ɗaga shi a kan gicciye, daga baya mutane sun koma ƙona masa turare, sai Sarki Hezekiya ya farfasa shi. Annabi Irmiya ma ya yi annabcin zamanin da ba za a ƙara tuna akwatin ba, ba kuma za a yi wani ba.

Musulmi sun san akwatin ta wata hanya. Aya ta 248 a Suratul Baƙara ta ambace shi a labarin Ɗaluta, wato Sarki Saul, inda zuwansa ya zama alamar sarautarsa, yana ɗauke da natsuwa daga Ubangiji da sauran abin da iyalan Musa da Haruna suka bari.

Ƙarshen kayan a tarihi ya zo kashi biyu. Babiloniyawa sun ƙone haikalin Sulemanu wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, kuma a jerin ganimar da suka kwashe ba a ambaci akwatin ba. Littafin Makabiyawa na Biyu ya ce Irmiya ya ɓoye shi a wani kogo a dutsen da Musa ya hau ya hango ƙasar alkawari. Haikali na biyu bai da akwati, shi ya sa da janar ɗin Roma, Fomfe, ya kutsa Wuri Mafi Tsarki a shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu, ɗaki ya tarar fayau. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe wannan haikalin suka tafi da alkuki da tebur, kuma hotonsu yana nan a sassaƙe a jikin ƙofar tunawa da Titus a birnin Roma. Siffar wannan alkukin ce ƙasar Isra'ila ta sa a tambarinta a 1949.

A Afirka kuwa, cocin Otodoks na Habasha yana riƙe da cewa akwatin yana Aksum, kusa da cocin Maryamu ta Sihiyona, bisa labarin littafin Kebra Nagast cewa ya zo ƙasar tare da Menelik, ɗan Sulemanu da Sarauniyar Sheba. Kowane coci nasu yana da allo na katako ko dutse da ake kira tabot, wanda ke wakiltar akwatin, kuma gini ba ya zama coci sai da shi. A bikin Timkat na watan Janairu firistoci kan ɗauko shi a ka, a lulluɓe da ƙyalle mai ado, jama'a na biye da waƙa. Na Aksum ɗin kuwa mutum ɗaya ne ke da izinin ganinsa, wani ɗan zuhudu da ake naɗawa ya tsare shi har ƙarshen ransa, kuma cocin bai yarda masu binciken tarihi su duba shi ba.